Wa ke da iko da ruwan Legas? Amsa ga ɗalibin da zai yi bincike cikin masunta

"Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Agege ne, ina digiri na biyu a fannin nazarin al'umma da al'adu. Malamin da ke duba aikina ya ce in rubuta a kan yadda al'ummomin asali ke kula da muhallinsu da yadda hukuma ke shiga lamarin, ya kuma ba ni shawarar in duba masuntan bakin lagun, wato babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku. Damuwata uku ce. Ban san wa ake kira ɗan asali a Legas ba, ban san ta inda zan fara ba, kuma ina tsoron a ce me ya kai Bahaushe cikin maganar ruwan ƙabilun masunta irin su Egun da Ilaje. Don Allah a haska mini."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyinka uku a wurina tushensu ɗaya ne. Abin da ake son ka gano shi ne, idan aka ɗauki wani yanki na ruwa ko na gaɓa, wa ke cewa a yi ko a bari, da wane dalili yake kafa hujja, kuma wa ke kwana da asara idan an yanke hukuncin. Ba a aike ka ka rubuta cewa masunta suna son muhalli ko ba sa so ba. An aike ka ka bi sawun iko. Idan ka riƙe wannan, sauran abubuwan za su jeru da kansu.

Abin da magabata a fannin suka riga suka gano

A 1968 wani masani Ba'amurke mai suna Garrett Hardin ya yaɗa ra'ayin cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, makiyaya ce ko tafki, ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ɗiba iya ƙarfinsa. Maganinta a ganinsa shi ne ko hukuma ta karɓe ko a mallaka wa mutum ɗaya. Gwamnatoci sun ji daɗin wannan magana. Daga baya masu binciken da suka zauna cikin manoma da masunta da makiyaya suka nuna cewa dukiyar tarayya daban take da dukiyar da ba ta da mai ita. A wurare da yawa jama'a suna da iyaka, suna da lokacin buɗewa da rufewa, suna da mai gadi da tara da wurin sulhu. Elinor Ostrom ta tattara irin waɗannan misalai, kuma a kan haka aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Kai ba ka buƙatar a kai ka nesa kafin ka gane. Sarkin Ruwa a Argungu da hana su a Matan Fada sai lokacin biki misali ne da kowane Bahaushe ya sani.

Akwai kuma aikin James Fairhead da Melissa Leach a Kissidougou ta ƙasar Gini, wanda ya fito a 1996. Jami'an gandun daji sun daɗe suna ɗaukar kurmin da ke kewaye da ƙauyuka a matsayin ragowar babban dajin da mutane suka cinye, suna cin manoma tara a kan haka. Da masu binciken suka haɗa tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da takardun mulkin mallaka da bakin dattawa, sai ta bayyana cewa mazauna ƙauyukan ne suka raya kurmin a inda da fili ne. Darasin da za ka ɗauka shi ne ka binciki labarin da hukuma ke bayarwa game da wanda ya ɓata muhalli kamar yadda za ka binciki labarin masunta. Kada ka ɗauki ko ɗaya a matsayin gaskiyar da an gama tabbatarwa.

Wane ne ɗan asali a bakin lagun

A nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa, domin ma'auni uku ne ke aiki a lokaci ɗaya kuma ba sa nuna mutum ɗaya.

Na farko shi ne na tsarin mulkin Nijeriya, wanda ya haifar da takardar shaidar ƙaramar hukuma da kowa ya sani. A wannan ma'auni, a Legas ana maganar Awori da Egun na Badagry da Ijebu na Epe da Ikorodu da tsofaffin gidajen Eko, wato tsibirin Legas. Kai da aka haifa a Agege, wataƙila har mahaifinka ma a nan aka haife shi, ka san yadda wannan ma'auni ke barin mutum a waje.

Na biyu shi ne na mallakar ƙasa a al'adar Eko, inda gidajen sarakunan Idejo masu farar hula, irin su Oniru da Oluwa da Olumegbon da Elegushi, suke da'awar filaye. Wannan da'awa tana da tarihin shari'a mai nauyi da ya kamata ka sani. Turawa sun karɓi filin Apapa a 1913, suka ce Oluwa na lokacin, Amodu Tijani, ba shi da haƙƙin cikakkiyar diyya. Ya ɗaukaka ƙara har Landan tare da Herbert Macaulay, kuma a 1921 majalisar shari'a ta masarautar Ingila ta yanke cewa miƙa Legas ga Turawa a 1861 bai share haƙƙin al'umma a kan ƙasarta ba. Wannan hukunci na Apapa kotunan Kanada sun kafa hujja da shi a shari'ar Calder ta 1973, na Ostireliya kuma a shari'ar Mabo ta 1992. Wato ɗaya daga cikin ginshiƙan dokar haƙƙin al'ummomin asali a duniya a nan garin aka kafa shi.

Na uku shi ne na ƙasa da ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin al'ummomin asali a 2007, ƙasashe 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace, kuma Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙaurace. Ba ta kuma sa hannu a yarjejeniya ta 169 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta 1989, ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta karɓa a 2003, ta ce a nahiyar nan ba a auna lamarin da wanda ya riga zuwa. Ana duba wanda rayuwarsa ta rataya a kan wata ƙasa ko wani ruwa, wanda aka mayar gefe a mulki, wanda kuma shi da kansa yake ɗaukar kansa al'umma ta daban. A kan wannan tafarki al'ummar Endorois ta Kenya ta yi nasara a 2010, al'ummar Ogiek ta can kuma a kotun Afirka a 2017. A gida, shari'ar Ogoni da hukumar ta yanke a 2001 ita ce mafi kusa da mu.

To ka ga inda aka samu saɓani. Masuncin Egun a unguwar Makoko da ke kan ruwa ko Ilaje da kakanninsa suka taso daga gaɓar Ondo ya fi kowa dacewa da ma'auni na uku, amma a ma'auni na biyu sau da yawa ɗan haya ne ko baƙo a filin wani gida, a bakin wasu jami'ai kuma ɗan Kwatano ne kawai. Gidan sarautar da ke da'awar asali yana iya zama shi ne mai sayar wa kamfanin gine-gine gaɓar da masuntan ke zaune. Shawarata ita ce kada ka yanke wa kowa hukuncin asali a babin farko na aikinka. Ka rubuta wa ke cewa shi ɗan asali ne, a gaban wa yake faɗa, da wace takarda ko wane tarihi, kuma me yake samu idan an yarda. Wannan kaɗai ya isa babi guda mai ƙarfi.

Hukumomin da ke kan ruwa ɗaya

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya ga abin da aka gina ko aka shuka. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga masunci: ruwan da yake su a cikinsa ba gini ba ne, ba shuka ba ce, don haka idan aka cike shi da yashi babu layin da za a rubuta asararsa a takardar diyya. A Legas, ƙauyen da gwamnati ta karɓi yankinsa yana neman a yanka masa wani kaso a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kuma samun wannan gazet ko rashinsa shi ne bambancin ƙauyen da ke barci da wanda ke kwana da ido ɗaya.

A kan ruwan kansa akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, NIWA, da aka kafa a 1997, da ta jiha LASWA ta 2008, waɗanda suka yi shekaru suna jayayya har kotun ƙoli ta ba tarayya gaskiya a Janairun 2024. Akwai LASEPA mai kula da gurɓata a jiha, da takwararta ta tarayya NESREA ta 2007, da ma'aikatar jiha mai kula da raya gaɓar ruwa, da sojan ruwa, da 'yan sandan ruwa. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 da ƙa'idojin aiwatar da ita sun wajabta a baje rahoton a gaban jama'a kwana 21 na aiki. Ka tambayi kanka a wace sakatariya aka baje shi, da wane harshe, kuma mace mai ƙyafe kifi ta taɓa jin labarinsa. Mafi yawan abin da ake kira tuntuɓar jama'a a nan yake faɗuwa.

Sai ka ɗora tarihin rusau a kai. Unguwar Maroko ta Legas a Yulin 1990, zamanin gwamna Raji Rasaki, inda aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000. Makoko a Yulin 2012 bayan wa'adin awa 72. Otodo Gbame daga Nuwamban 2016 zuwa Afrilun 2017, mutum sama da 30,000, kuma a Yunin 2017 babbar kotun jihar ta ce tashin mutane ba tare da tuntuɓa da wurin sake tsugunarwa ba ya saɓa wa tsarin mulki. Tarkwa Bay a Janairun 2020. Kusan kowane lokaci dalilin da ake bayarwa tsaro ne ko tsafta ko kare muhalli. A ɗaya ɓangaren ana cike teku don gina sabon birnin Eko Atlantic, ana zuƙar yashi daga gindin lagun, yankin Ibeju-Lekki kuma ya karɓi matatar Dangote da tashar jiragen ruwa mai zurfi, duka an ƙaddamar da su a 2023. Ban ce kowane babban aiki ɓarna ba ne. Na ce wanda ake kira mai ɓata muhalli da wanda ake ba lasisin sauya shi ba su cika zama mutum ɗaya ba, kuma wannan abin bincike ne.

Ta inda za ka fara

Kada ka ɗauki "masuntan Legas". Ɗauki al'umma ɗaya da dukiya ɗaya. Da ni ne a matsayinka, akaja zan zaɓa, kuma ga dalili. Akaja wata dabara ce ta Egun a nan da kuma tafkin Nokuwe na Jamhuriyar Benin. Ana kakkafa rassan itace da yawa cikin taɓo a ruwa marar zurfi, inda bai wuce ƙirjin mutum ba. Gansakuka ta kama rassan, karfasa da sauran kifaye su shigo su ci su ɓuya su hayayyafa. Bayan watanni sai a kewaye wurin da raga, a cire rassan ɗaya bayan ɗaya, a kwashe kifin. Kamar gona ce a cikin ruwa, kuma da zarar an yi gona tambayar mai ita ta taso. Wa ya ba ka wannan wurin? Ana gadonsa? Ana jinginar da shi? Mai jefa birgi da ba shi da jarin sayen rassa, ina zai yi su idan akaja ta cinye wuri mai kyau? Daga wane daji ake saro rassan? Idan jirgin yashi ya bi ta kai, wa ake kai wa ƙara, baale (mai unguwa) ko ƙungiyar masunta ko 'yan sandan ruwa? Duk abin da malaminka yake so yana cikin waɗannan tambayoyi, kuma kowacce tana da amsar da za ka iya gani da idonka.

Kafin ka taka ƙafa, ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka da wasiƙar gabatarwa daga sashenku. Ka shiga ta hannun wanda al'ummar ta riga ta sani, malamin makaranta ko limami ko fasto ko ɗan ƙungiyar mazauna unguwannin da ba su da takarda, wadda take da rassa a yawancin gaɓoɓin nan. Ka fara gaida baale, da abin gaisuwa daidai da al'adar wurin, kuma ka tambayi mai kai ka abin da ya dace. Amma ka sani unguwa kamar Makoko ba baale ɗaya gare ta ba, kuma gaida ɗaya a bar saura yana iya rufe maka rabin gari. Bayan su akwai ƙungiyar raya unguwa da shugabar mata 'yan kasuwar kifi da shugaban matasa.

Makonni biyu ko uku na farko kada ka fito da takardar tambayoyi. Ka zauna a inda ake sauke kifi da asuba, ka shiga kwalekwale idan an gayyace ka, ka koyi sunayen kifi da na raga da na sassan ruwan da harshensu. Sassan ruwa suna da sunaye kamar unguwanni, kuma wanda bai san su ba ba zai gane rigimar iyaka ba. Kana buƙatar tafinta mai jin Egun, domin Yarbanci da Fijin za su kai ka kasuwa amma ba za su kai ka zaman sulhu ba. Ka biya shi kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kai, ka kuma san ɗan wane gida ne, saboda mutane za su auna abin da za su faɗa maka da shi. Idan da hali ka samu mace ta biyu don hira da mata.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ɗalibai ke zato. Ruwan lagun yana yin gishiri da rani idan teku ta turo, yana komawa kusan ruwan daɗi da damina idan kogin Ogun da sauran rafuka suka cika. Kifin yana sauyawa, kayan su suna sauyawa, ciyawar nan mai kama da kainuwa da ta shigo ta Badagry a tsakiyar shekarun 1980 tana toshe hanyoyi idan gishiri ya ragu. Wanda ya je wata biyu da rani kawai ya ga rabin shekara ne ya ɗauka duka ce. Idan ba za ka iya shekara cur ba, ka raba zamanka biyu, kamar mako shida tsakanin Janairu da Maris da wani mako shida tsakanin Yuli da Oktoba.

Hanyar da ta fi ba da amfani a irin wannan aiki ita ce bin rigima. Idan ka tambayi dattijo mene ne dokar akaja, zai ba ka dokar yadda ya kamata ta kasance. Idan ka ce ya ba ka labarin karo na ƙarshe da aka saci kifi a akajar wani, za ka ji yadda take aiki. Ka tara rigingimu goma zuwa goma sha biyar, kowacce ka ji ta daga baki biyu aƙalla, ka rubuta wa ya kai ƙara, gaban wa, me aka yanke, an biya ko ba a biya ba, kuma ina wanda bai gamsu ba ya nufa. Hira mai zurfi talatin zuwa arba'in ta isa digiri na biyu, muddin ka raba ta tsakanin masu akaja da masu birgi da mata masu ƙyafe kifi da masu haƙar yashi da kwando da matasa da jami'an hukuma. Ka rubuta bayanan kowace rana a daren ranar, ka ware abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kai ka fassara. Bayan kwana biyu waɗannan ukun suna cakuɗewa a kai, ba a iya raba su kuma.

Sannan takardu. Ka nemi gazet, da rahoton tantance illa na duk aikin da ke kusa, da kwafin hukuncin kotu, da tsofaffin fayiloli a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Ibadan da ta jihar Legas. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island tana da masanan kifi da ruwa. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam a Google Earth za su nuna maka yadda gaɓa ta sauya cikin shekara ashirin da suka wuce, kyauta.

Abin da ke ɓata aikin

Babban haɗari ba a kanka yake ba, a kansu yake. Mutanen da aka sha rushe wa gida sun san cewa kafin katafila ta zo, wani ne ke fara zuwa da littafi yana ƙirga rufi yana ɗaukar hoto. Idan ka fito da waya kana ɗaukar lambobin wuri a makon farko, an gama da kai, kuma suna da gaskiya. Taswira tana iya zama hujjar cewa al'umma tana nan tun da daɗewa, kamar wadda matasan Makoko suka zana tare da ƙungiyar Code for Africa a 2019, tana kuma iya zama jagora ga mai son wurin. Don haka a zana ta tare da su, su yanke abin da zai fita da abin da zai tsaya a gida. Ka sauya sunayen mutane a rubutunka, ka cire duk abin da zai nuna wanda ya faɗi maganar da ta taɓa wani mai ƙarfi, ka kulle muryoyin da ka naɗa da kalmar sirri, kada ka bar su a wayar da kake yawo da ita. Neman izini kuma ba sa hannu ba ne sau ɗaya. Mutane da yawa suna tsoron sa hannu a takarda saboda an taɓa cutar su ta haka, don haka ka nemi kwamitinku ya yarda da izinin baki, ka kuma maimaita tambaya duk lokacin da za ka naɗi murya ko ka ɗauki hoto.

Na biyu shi ne zama ɗan gidan sarki. Idan kullum a ƙofar baale ake ganinka, muryarsa za ka rubuta ka kira ta muryar al'umma. Mata ne ke sayen kifin, su ke ƙyafe shi, su ke sayen itacen wuta, kuma sau da yawa su ke ba masunci bashin raga da mai. Wanda bai zauna da su a gaban murhu ba bai ga inda kuɗin ke juyawa ba.

Na uku shi ne ƙawata al'ada. Za ka tarar da masu sa raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da masu saran itatuwan bakin taɓo, da shugaban da ya karɓi kuɗin masu yashi. Ka rubuta shi, tare da dalilin da ya kai mutum ga haka. Rahoton da ya mai da masunta waliyyai jami'i zai karanta shafi biyu ya ajiye, kuma bai taimake su ba. Abu ɗaya da ya shafe ka a matsayinka na Musulmi: a cikin Egun akwai Zangbeto, masu gadin dare na gargajiya, kuma a wasu wurare suna cikin masu tabbatar da doka. Ba a ce ka shiga abin da addininka bai yarda da shi ba, amma dole ka rubuta rawar da suke takawa da mutunci, ka kuma kiyaye duk abin da aka ce baƙo ba ya gani.

Na huɗu shi ne alkawari. Za a tambaye ka me za su samu, domin masu bincike da 'yan jarida sun yi ta zuwa suna tafiya. Kada ka ce za ka kai kukansu ga gwamna. Ka faɗi abin da za ka iya: dawowa ka karanta musu sakamakon da harshensu kafin ka miƙa, da ba su kwafin takardun da ka samo.

Maganar kasancewarka Bahaushe

Ba aibi ba ne, kuma yana da amfaninsa. Ba ka cikin jayayyar filaye tsakanin gidajen Yarbawa da masunta, don haka ba a yi maka kallon ɗan leƙen asirin wani gida ba. Ka kuma san daga gida yadda al'umma ke rayuwa a garin da ba a ba ta takardar asali ba, da sarkinta da limaminta da shugabannin kasuwarta, a Agege da Idi-Araba da Mile 12. Masanin al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya nuna yadda Hausawa suka riƙe cinikin goro da shanu ta hanyar masu gida da amana da addini, wato al'ada tana aiki a matsayin siyasa. Irin wannan idon za ka kai bakin ruwa. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ɗauka baale Sarkin Ruwa ne da wani suna. Ka bar kwatancen ya ba ka tambaya, amsar kuma ta fito daga wurin. Ka faɗi ko kai wane ne tun ranar farko, ka kuma rubuta a babin hanyoyin bincike ƙofofin da hakan ya buɗe maka da waɗanda ya rufe.

Iyakar abin da wannan hanya za ta ba ka

Zama da mutane zai nuna maka cewa masunta sun ce kifi ya ragu tun da jiragen yashi suka zo, da yadda suka sauya sana'a saboda haka. Ba zai tabbatar da cewa yashin ne sanadi ba, domin akwai ruwan masana'antu da dusar katako ta Oko Baba da yawan masu su, kuma raba waɗannan sai da awon ruwa da ƙididdigar kamu na shekaru. Ka rubuta maganarsu a matsayin shaida mai nauyi, ka haɗa da binciken masanan kifi inda ya samu, kada ka wuce nan. Abin da ka gani a al'umma ɗaya kuma ba lallai ya zama haka a Epe ko Badagry ba. Bayanin dokokin da na yi maka na fahimtar fage ne, idan maganar shari'a ta taso a kai ta ga lauya.

Ka yi lissafin kuɗi tun yanzu: hayar kwalekwale da mai, tafinta, abin gaisuwa, rigar kariya ta ruwa, maganin zazzaɓin cizon sauro, da zirga-zirga daga Agege, wadda ita kaɗai za ta iya cinye maka safiyar da ake sauke kifi idan ba ka samu wurin kwana kusa ba. Idan lissafin bai fita ba, ka koma wa malaminka da tambayar nan ɗaya a wurin da harshenka ya isa: ruwan da ke fita daga mayankar Oko-Oba da yadda mahauta da maƙwabta da hukuma ke jayayya a kansa, ko baban bola a jujin Olusosun da hukumar shara ta LAWMA. Sai dai a nan dole ku sauya taken aikin, domin maganar ta tashi daga al'ummar asali ta koma ta baƙi mazauna, kuma gara a gyara shi kafin ka kare shawarar binciken a gaban sashe.